Gaurakin da aka ba mu ajiya

Matso kusa ka ji wani abu da har yau nake juya shi a raina.

A shekarun tamanin ne, ruwan kanal ya gama ratsa gonakinmu na Bunkure, kowa ya koma tumatir. Wani dillali da ke saya a wurin maigidana ya kawo kwando rufe da buhu, ya ce ajiya ce, zai ɗauka ran kasuwa. Maigida bai tambaya ba. A wurinsa, wanda aka ba ajiya ba ya tambaya. Ni kuwa ina jin motsi na ɗaga buhun. 'Ya'yan gauraka ne huɗu, an ɗaure musu ƙafafu. Na kwance su, na ba su tsaki da ruwa, na zauna ina ta kallon tukkun da ya fara fito musu.

Kwana biyu sai ga baƙi a zaure: ma'aikacin gandun daji daga Kano, da wani dogo mai kaki daban. Ina bayan asabari na ji Hausarsa ta Damagaram ce. Jandarma ne daga Nijar, irin 'yan sandansu na can. Wai tun daga can suke bin sawun dillalin, ana kwashe tsuntsayen daga fadamunsu a sayar wa masu kuɗi. Abin ya ɗaure min kai. Ƙasa biyu su haɗu saboda tsuntsu?

Na Kano ya ce, "Malam, ko ka faɗi ranar da zai dawo, ko mu tafi da kai."

Maigida ya ce, "Amana ce, ranka ya daɗe."

Na ji ƙarar ankwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Jibi ne, ran kasuwa, bayan azahar, a motar tumatir."

Jandarman ya yi dariya, ya ce, "Ashe shedar tana ciki. Sannu, uwargida." Har ya tambaye ni me na ba gaurakin, ya ce in ƙara da fara.

Aka kama dillalin, aka mayar da gaurakin Nijar. Maigida ya kwana a gidansa, amma sai da ya yi mako yana karɓar tuwona ba ya ɗaga ido.

To kai da kana bayan asabarin nan, shiru za ka yi?