Gaisuwar da Baba Bai Amsa Ba

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da aka ɗebi samarin Wurno zuwa yaƙin Turawa a ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Ina bakin zaure ina ɓarar wake, sai ga yayana Umaru cikin kakin soja, ya zo sallama da Baba, domin washegari za a wuce da su. Bai tuɓe takalmi ba, bai durƙusa ba. Ya buga ƙafa har kaji suka watse, ya miƙe ƙyam, ya kai hannu goshi, ya dubi mahaifinmu ido cikin ido.

A filin bayan gari ya koyo wannan, inda nakan kai tallar fura in na gama zuba wa tumaki harawa. Wani Bature ke koya musu fareti, yaro sharaf, ko gemu bai tsiro masa ba, rana ta mai da wuyansa ja kamar ɓawon albasa. Manyansa sun turo shi, sun yi zamansu a Sakkwato. Ba mugu ba ne, har furata yakan kurɓa ya yamutsa fuska. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne duk wanda ya yi wa magana sai ya sunkuyar da kai ya nemi ƙasa. Haka ya yi ta ɗaga haɓar ƙartin da suka girme shi, tafinta na faɗa musu cewa a tsaye ake girmama babba. Mu yara wasa muka ɗauki abin, muna kwaikwayo da karan dawa a kafaɗa. Umaru kuwa bai iya yin abu rabi-rabi ba, ya riƙe shi hannu biyu.

Baba bai taɓa leƙa filin ba. Ranar nan a zaure, ya dubi takalmin nan a kan tabarmarsa, ya ce, "Mi na wanga, Umaru? Ni kaka tsaya ma bisa kai, tun ba ka tahi ba? Hita ka ba ni wuri." Ya juya wa ɗansa baya. Umaru ya jira albarka, hannunsa a goshi, ba ta zo ba. Gidan duka muka bi bayan Baba, ba wanda ya raka Umaru ko ƙofa.

Umaru bai dawo daga yaƙin ba. Bayan yaƙi wani abokinsa soja ɗan garin Rara ya zo ta'aziyya, shi ya fahimtar da Baba cewa gaisuwar da soja ke yi wa mafi girman shugabansa ce Umaru ya kawo masa. Tun daga ranar har rasuwarsa, Baba bai idar da salla ba sai ya ambaci sunan Umaru ya sa masa albarka a fili, ya ɗan saurara, ba mai cewa amin. Kunyar nan ba ta bar gidanmu ba, ni ma ina ɗauke da rabona.

Yau jikokina a tsaye suke gaishe ni, ƙawayena na kukan tarbiyya ta lalace. Ni da sauri nake amsawa. Ba na barin yaro ya fita ban sa masa albarka ba.