Katangar Bakin Tekun da Isufu Bai Koma Ba

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Isufu makwancinsa a nan Greensboro, ƙasar Amurka. Mutumin Maraɗi ne, abokina, mun daɗe muna lodin kaya a sito ɗaya.

Yana saurayi gwamnati ta tura shi karatu Habana, babban birnin Kyuba. Can ya fara ganin teku. Duk sanda muka bi hanyar McLeansville a mota, gonaki dama da hagu, sai ya ɗauko zancen Malekon, doguwar katangar da ta raba birnin da ruwa. Masunta na zaune a kanta da ƙugiya, makaɗa na wucewa, in iska ta taso igiyar ruwa ta tsallako ta jiƙa motoci. Yakan ce, "Alhaji, in za ka je, ka bari sai la'asar, kuma kada ka sa sabon takalmi."

Sai da ciwo ya kwantar da shi ya faɗa mini abin da ya baro can. Ya yi aure a Habana, suka haifi 'ya, ya sa mata Amina. Da karatu ya ƙare, uwar ta ƙi bin sa Nijar. A kan katangar nan suka yi sallama, yarinyar ko tafiya ba ta fara ba. Kullum cewa yake in takardunsa na zaman Amurka sun gyaru zai koma Habana. Sun gyaru yana gadon asibiti. Kana naka, Allah na nasa.

Zumunta a ƙafa take, shi ya sa bara na je Habana. Da Isufu zai ga wurin yau, ban san ko zai gane shi ba. Gishiri ya cinye gidajen da ke fuskantar ruwa, wasu sun rufta, samari da yawa sun yi ƙaura. Na nemi Amina na aika mata saƙo, ta zo ta same ni a bakin katangar, furfura ta fara fito mata, goshin ubanta sak. Wani maƙwabcinta ya yi mana tafinta.

Ta ce, "Ya taɓa ambatona?"

Na ce, "Har ranar ƙarshe."

Ta juya ta kalli ruwa, ta ce, "To me ya hana shi zuwa?"



A masallacinmu har gobe ana ambaton kirkin Isufu, kuma gaskiya ake faɗa. Mu da muka ci tuwo kwano ɗaya da shi ya bar mana kewa. 'Yarsa kuwa tambaya ya bar mata, wanda zai amsa yana ƙarƙashin ƙasa. Allah ya jiƙan Isufu, ya sanyaya zuciyar Amina.