Layin Seleri na Arnold Fretwell

Arnold Fretwell mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba ƙarƙashinta. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin sigina a reluwe, shi kaɗai cikin ɗan ɗakin katako tsakanin Ely da Littleport, yana zaman jiran ranar da wani zai yi kuskure. Ya yi ritaya, amma halin bai yi ritaya ba. Da shi ya taho lambunanmu na haya da ke bayan gari, inda ya riƙe fili mai lamba goma sha bakwai. Kwaɗo biyu ne a ƙofar rumfarsa, kuma babu komai a ciki sai shebur, da tsohuwar kujera, da kofin shayi guda ɗaya. Ni ne sakataren kwamitin lambunan, saboda haka duk ƙarar da ya kawo hannuna take faɗowa, kuma ya kawo da yawa.

Abu ɗaya ba a ja masa a kai, shi ne seleri, wani kayan lambu da ake cin karansa. Irin na dā yake nomawa, na rami. Ya haƙa dogon rami a baƙar ƙasarmu, ya jera dashe a layi ɗaya da tazara mai faɗi, ya naɗe kowane da takarda, ya riƙa turbuɗe su da ƙasa har kaka. Idan ya tone, sai ka ga kara fari tas, mai ƙaras-ƙaras, wanda za ka ci da cuku da gishiri ranar Lahadi ka manta da damuwarka. Sabon irin nan kuwa, mai yin fari da kansa ba tare da an binne shi ba, abincin malalata yake kiransa, kuma da ƙarfi yake faɗa don Doreen Haylock ta ji.

Doreen ce maƙwabciyarsa, fili na goma sha takwas. Shekara ashirin da biyu suna iyaka ɗaya. Ita ta ɗinka labulen rabin gidajen garin nan kafin idonta ya gaji, kuma ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Kullum ƙarfe goma sai ta miƙa masa shayi daga filas ɗinta ta saman igiyar iyaka, shi kuma ya karɓa ya sunsuna kafin ya sha.

A shekarar da ya cika saba'in da shida bayansa ya ƙi. Likita ya hana shi haƙa. Ya yi fushi da likitan, ya ce an haɗa baki da 'yarsa ne don a zaunar da shi a gida, amma da ya gwada shebur sau ɗaya ya kwana uku a kwance, sai ya saduda. A watan Maris Doreen ta ce za ta shuka masa irin malalatan a ɗakinta na gilashi na renon shuka, tare da nata, tunda ƙananan ba sa jure sanyi, in ya buge su sai su tashi fure tun ba su yi kara ba. Ledar iri ɗaya ta saya, faranti biyu ta shuka. Ƙarshen Mayu ta ba shi nasa, ta ce ya dasa su a dunƙule, taƙi ɗaya tsakani ta kowane gefe, don inuwar junansu ce ke sa su fari.

"Ke za ki koya mini seleri?" in ji shi. "Ina noma shi tun kina tsotsar yatsa."

Ya ja igiya, ya dasa su a layi ɗaya dogo, da tazarar nan tasa ta shekara arba'in, kowane tsaye shi kaɗai. Ita kuwa ta dasa nata a murabba'i, cunkus, daf da iyakarsu, daidai inda layinsa ya ƙare. Washegari ya zo da tef ya auna, ya kawo mini ƙara cewa ganyenta zai tsallako masa da inci huɗu. Na rubuta, na sa a aljihun tebur.

Zuwa Agusta nata ya yi fari-fari mai ruwan ƙwai, nasa kuwa kore shar, ga ɗaci, ga zare kamar kana tauna igiya. Ya zargi kamfanin irin. Ya zargi ruwan famfo. Sannan ya zauna a kujerarsa yana kallon murabba'in Doreen kwana da kwanaki, har lissafin ya fito masa yadda yake so: leda ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, to bambancin daga hannun wa ya fito? Musanya aka yi masa a ɗakin gilashi, in ji shi, an ba shi na banza an riƙe na kirki.

Sai kuma abin katako ya ɓullo. Wata safiya ya tarar an jingine tsofaffin alluna gefe da gefen layinsa, an cusa karan alkama a tsakani. Ya yaye su ya zubar, ya ga dodon koɗi biyu a ƙarƙashi, ya ɗauko su a gwangwani ya kawo mini shaida. Bayan kwana uku aka mayar, ya sake yayewa. A karo na uku ya iso tun ƙarfe bakwai ya same ta a durƙushe cikin filinsa da dami a hannu.

Dokarmu a kan wannan ba ta da wasa: wanda ya taɓa shukar wani ba izini, ya bar filinsa. Arnold ya rubuto ƙara shafi uku da kwanan wata da lokaci, irin na ma'aikacin reluwe. Doreen na iya rasa filin da ta yi shekara ashirin da biyu tana gyarawa, da ɗakin gilashinta, da itacen tuffa da mijinta ya dasa kafin ya rasu. Ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ta ɗan karkata. Na tuna gasar kayan lambu saura wata guda, kuma Arnold ya sha gabanta a seleri sau goma sha ɗaya a jere. Na ce a raina, wa ke shiga filin mutum har sau uku don alheri kawai? Har yau ina jin kunyar wannan tunanin.

Ranar Asabar muka je mu uku daga kwamiti. Doreen ba ta musa komai ba. Ta ce ita ta sa katakon, don rana ce ke cin selerin, kuma da ta tambaye shi da ya ƙi. Arnold ya ce tatsuniya ce. Ya zaro wuƙa ya bi layin yana yanka mana ɗaya bayan ɗaya mu ɗanɗana, muna ta ɓata fuska. Ashirin da ɗaya duk kore. Da ya kai ukun ƙarshe, waɗanda ganyen Doreen ya tsallako ya lulluɓe, inci huɗun nan da ya kai ƙara a kansu, sai ya buɗe ganyen ya tsaya. Farare ne. Daga farantin da ya ce na banza ne suka fito, da hannunsa ya dasa su. Ya yanki ɗaya ya gatsa, muka ji ƙarar a inda muke tsaye. Ya daɗe yana tauna.

Na yage takardar ƙarar a gabansu, na ɗauka shi ke nan. Doreen ta kakkaɓe gwiwarta, ta ciro mabuɗinta na babbar ƙofar lambun daga aljihun rigarta ta sa mini a hannu.

"Ba kwamiti ne ya kore ni ba, Arnold," ta ce. "Shekara ashirin da biyu kana sunsuna shayina ina dariya, na ɗauka wasa ne. Ashe da gaske kake."

Mun roƙe ta har gida. Ta karɓe mu da fara'a, ta ba mu biskit, ta ƙi. Ta ce gwiwarta ma ta gaji. Kowa ya san ba gwiwa ba ce.

Arnold ya ƙara shekara biyu a lambun. Ƙara kuwa bai sake kawo mini ko ɗaya ba, abin har ya dame ni. Ya sayi dashe a kasuwa, ya dasa a murabba'i, taƙi ɗaya tsakani, daf da iyakar goma sha takwas, inda sabon mai filin bai shuka komai ba sai dankali can nesa. Na tsakiya suka yi fari. Gefe uku ya tare da katako da kara, daidai yadda ya ga an yi masa. Gefen da ke kallon filin Doreen ne kawai ya bari a buɗe, rana na dukansa, layin nan ya fito kore mai ɗaci. Na ce masa ina da allo guda a rumfata in yana so. Ya ce a'a, wannan gefen da mai shi. Na gane inuwar selerin Doreen yake nufi.

Fararen yakan ɗaure da igiya ya ajiye a bakin ƙofarta ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Ko tana ci, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Korayen shi yake tafiya da su gida. Ƙarfe goma kuwa za ka gan shi tsaye a bakin igiyar iyaka da filas ɗin da ya saya wa kansa, da kofi biyu.