Filin da Ba a Sa wa Taki

A tashar binciken noma Dakta ake ce mata, a gida kuma yaranta sun laƙa mata Maman Laka, don faratanta ba su taɓa fita tas ba. Aikinta ƙasa. Ta haƙo ta da dogon ƙarfe, ta shanya, ta niƙa, ta tankaɗe, ta auna abin da ya rage na abincin shuka a ciki. Idan ta jiƙa ƙasa ta murza tsakanin yatsu biyu, za ta faɗa maka yashi ne ya fi yawa ko yumɓu kafin na'ura ta gama tunani.

Ba ta yi suna ba, ba ta kuma nema ba. Abin da ta tsare a rayuwarta wani ɗan fili ne a bayan gidajen ma'aikata. Tun shekarar da ta kama aiki ake shuka masara a ciki ba tare da an sa ko ƙwayar taki ba. Da shi ake gwada sauran filayen, a ga abin da taki ya ƙara da abin da noma ke cinyewa. Kowace damina takan ɗebi ƙasarsa ta zuba a kwalba ta jera a kantar ofishinta. Amfanin filin duk a yunwarsa yake: ranar da taki ya taɓa shi, aikin shekara talatin da wani abu ya tashi a banza.

Masarar kam abin tausayi ce, gajera, rawaya. Maƙwabta na wucewa suna dariya, wai gonar masaniya ta fi ta kowa lalacewa. Mijinta, malamin makaranta, shi ke mayar musu da amsa. Shi ke gyara shingen, shi ke korar awaki, har ya taɓa ɓatawa da wani maƙwabci kan zuba toka kusa da wurin.

Bayan ya yi ritaya ya fara mantuwa, yau makulli, gobe sunan jika. Dakta ta ce tsufa ne kawai, ba ta so ta duba da kyau ba.

Wata rana ta dawo daga taron mako guda, tun daga bakin shinge hancinta ya gaya mata. Filin ya yi baƙi da kashin awaki, an baza shi kunya-kunya, aiki mai kyau irin na ɗan manomi. Malam na tsaye da baro, gumi har wuya.

"Dakta, sannu da hanya," ya ce. "Na ga gonar nan ta sha wuya, ban san wane marar imani ne ya bar ta haka ba. Na ɗan taimaka mata."

Ta dube shi ko wasa yake. Ba wasa yake ba, murmushi yake yana jiran yabo. Ta durƙusa ta ɗebi ƙasar ta murza. Ta yi baƙin cikin filin, amma tsoron da ya kama ta a lokacin ba na filin ba ne.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce. "Ka kyauta. Zo mu je ka wanke hannu."

A wannan shekarar masarar ta yi tsawon mutum. Dakta ba ta ɗebi ƙasa ba, ta rubuta takardar ajiye aiki. Da yamma sukan zauna bakin shingen, ya tambaye ta gonar wa ce wannan mai kyau haka, ta ce masa tasa ce.