An wanke sunayen kakanninmu a ƙwarya

Jama'a, yau asalinmu ya tafi, ba zai dawo ba!

Na hau mashin na je Kwandiko neman takardar da marigayi kakanmu ya rubuta sunayen kakanninmu bakwai da ajami. Ita kaɗai gare mu. Na tambayi Gwaggo Hansai. Ta ce, "Waccan mai rubutun Larabci? Ai addu'a ce! Bara da zazzaɓi ya kwantar da Baffa, na wanke ta a ƙwarya, ya sha."

Innalillahi! Na ruga ɗakin Baffa, shi kaɗai ne tsohon da ya rage mana. Na durƙusa na ce, "Baffa, wa ya haifi kakanmu?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ɗan gidan wane ne?"