Damarar Yaya Ta Je Biki

Yayata ba ta taɓa cewa a'a ba tunda aka haife ta. A layinmu Ɗauki-mana ake kiranta, don kafin ka gama buɗe baki ta faɗa. Dutsen gugarta ya fi ta sanin ɗakunan maƙwabta. Tukunyarta babba ta shekara uku tana yawon suna. Takalmin aurenta kuwa ƙafa ɗaya ce ta dawo, ta kuma yi godiya.

Haihuwa shida ta raba mata naman ciki gida biyu, har ta kai ko bokiti ta ɗaga sai tsakiyar cikin ya turo. Aka yi mata tiyata aka ɗinke. Likita ya ba ta wata faffaɗar damarar roba mai maƙalai a gefe, ya ce sati shida tana ɗaure, wanka kawai zai raba su, in ba haka ba ɗinkin ya saki a koma ɗakin tiyata. A gabana ya faɗa, da Hausa, ba da wani yare ba.

Kwana tara da sallamarta na shiga da rana na same ta kwance, ta tallafe ciki da hannu biyu tana zufa.

"Yaya, ina damarar?"

"Tana nan."

"Nan ina?"

Ta kalli silin. "Matar mai chemist ce za ta biki. Rigar ta ƙi rufuwa. Awa uku kawai ta ce."

"Ita ma yanka ta aka yi?"

"Ke dai kin cika faɗa. Da idona na ga zif ɗin ya tsaya."

Zif ya tsaya! Matar da mijinta ke sayar da magani, ta dubi mai ɗanyen ɗinki ta ga abin matse tumbi.

Na ja mayafi sai zauren bikin. Na hango matar ana ɗaukar hoto, ta miƙe kamar sanda, numfashi ma rabi-rabi take yi.

"Hajiya, zo mu gaisa a banɗaki."

"Bari a gama hoton mana, ƙawata."

"Ko dai can, ko nan gaban mai hoto. Ni duk ɗaya ne."

Ta biyo ni. Abin da ya faru da zif bayan na fito ba damuwata ba ce.

Sai dai damarar ta riga ta mutu. Abin da aka auna da ƙugun Yaya ya sha hidimar mace biyu a jiki ɗaya. Na ɗaura mata, ya zame har cinya. Washegari gefen ɗinkin ya kumbura, likita ya zuƙe ruwa da allura, ya ce saura ƙiris. Ya ba da sabuwa. A hanyar gida abin da Yaya ta tambaye ni shi ne ko rigar ta yi wa matar kyau.

Yanzu kullum da safe ni nake zuwa da rezata in farke ɗinkin jiya. In ta yi wanka in ɗaura mata, in sa zare mai kauri in ɗinke bakin maƙalan ruf. Jiya na ji ta ta taga tana ba wata haƙuri.

"Wallahi da na ba ki, ƙanwata ce ta ɗinke ni a ciki."

"To ki farke mana, Yaya. Ba ki da almakashi?"

Tana da shi. Yana gidan tela tun bara.