Gorar Yawu a Jirgin Largo

A jirgin ƙasa mai zuwa Largo, Samiratu, ɗalibar aikin jinya, tana zaune kusa da wani dattijo mai kakin gadi. Azumi ake. Ƙanshin kaza na tasowa daga jakar wata mata, sai ya buɗe gorar roba ya tofa yawu. Gorar ta kai rabi. Da gani shi kaɗai yake zaune, ba mai kwaɓarsa.

Samiratu ta kawar da kai. Ta san jijiya ce ke buɗe kafofin yawu, ko mutum ya so ko ya ƙi.

"Baba, haɗiye yawu ba ya karya azumi fa."

"'Yata, shekara arba'in ban haɗiye ba."

Ya ajiye gorar tsakaninsu, tana gogar cinyarta, da ɗuminta.